Ɗakin da Aka Yi wa Kawu

3 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Mai Hula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan kalau muke, in ban da ƙafar matata, Innarki, da ke kumbura in ta daɗe a tsaye, sai kuma abin da ya sa na ɗauki biro.

Na san za ki yi ta juya ambulan ɗin nan kina tambayar wane ne. Ni ne kawunki na maɗaba'a, wanda mahaifinsa da kakarki ta wajen uwa ciki ɗaya suka fito. Rabona da ke tun gaisuwar rasuwar mahaifiyarki, Allah Ya ji ƙanta, kina ta raba wa mutane ruwa ba ki ko ɗaga kai. A hannun yayarki na samu adireshin wurin aikinki. Ita ce ta ce mana aikinki ɗora wa mutane hula mai wayoyi, kina kallon abin da ƙwaƙwalwarsu ke yi. Tun ranar ba a kiranki a gidan nan sai Mai Hula. Ki yi haƙuri, sunan ya riga ya zauna.

Ga maganar. Wata bakwai ke nan kunnena yana kuka. Ran wata Talata ne, mun tashi aiki, na kashe inji, sai na ji kamar moto bai mutu ba. Na zagaya na duba, na je na sauke babban makunnin wuta, abu na nan. Na kulle ƙofa na kama hanyar gida, ya biyo ni. Siriri ne, kamar butar shayi ta tafasa an manta da ita a wani ɗaki. Tun daga ranar bai ɗauke ba ko na minti ɗaya.

Ki fahimci wanda ke miki magana. Shekara talatin da ɗaya ina kan injin buga takardu. Wanda ya koya mini aiki abu ɗaya ya dasa mini: in inji ya canja murya, a tsaya a nemo dalili kafin a saki ko falle ɗaya. Nakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin ƙarfe, in kafa ƙotar a kunnena, in gaya maka boris ɗin da zai mutu nan da mako biyu, wato ƙwallayen ƙarfen da inji ke juyawa a kansu. A wurin aiki Kunne suke ce mini. To yau ga Kunne da ƙarar da ya kasa gano inda take fitowa. Makon jiya sau uku ina tsayar da inji ina neman laifin da babu shi, masu aiki suna kallon juna.

Na je asibiti. Likita ya haska, ya wanke, ya ce ba komai a ciki, sai dai jin hagu ya ɗan ragu, irin na masu aikin inji. Ya ce in saba da shi. Na ce to, don ban iya musu da mai farar riga ba, amma har na iso gida ban gane yadda ake sabawa ba. Innarki ta ɗiga mini mai iri uku. Babban ɗana, wanda muke kira Kafinta don sana'arsa ke nan, ya ce in ajiye aiki.

Abin da ban gaya musu ba shi zan gaya miki. Ina jin tsoron hankalina. In ba komai a kunnen, to me nake ji? Ke da kike leƙa cikin kawunan mutane, ki gaya mini gaskiya.

Kada ki ce za ki kira ni. Waya a kunne tsokano shi take yi, kuma ni mutumin takarda ne, abin da aka rubuta shi nake yarda da shi.

Kawunki.

21 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, kuma na gane ka tun layi na biyu. Kai ne kake kawo mana littattafan rubutu da aka yanke a karkace muna yara, muna faɗa a kansu. Ina gaida Inna, Allah Ya ba ƙafarta sauƙi. Maigidana yana gaishe ku. Ni ma jikin ba ya mini daɗi sosai kwanan nan, amma ina zuwa aiki. Sunan Mai Hula kuwa na karɓa, a nan ma ba wanda ya fi shi dacewa.

Da farko, Kawu, ni ba likita ba ce. Mai ɗaura waya ce da danna kwamfuta. Amma ka yi sa'a, domin binciken da shugabarmu ke yi shekara biyu ke nan a kan masu kukan kunne ne, kuma duk ta hannuna suke bi.

Bari in kwatanta maka. Muna da wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Bangonsa an liƙa masa soso mai kauri, ƙofarsa biyu ce, wata bayan wata. Ba taga, ba fanka, ko agogo babu. In an rufe, mutum har bugun zuciyarsa yake ji. Duk wanda ya zo mana da kukan kunne, nan muke kai shi. In zaunar da shi a kujera, in ɗora masa hular, in ce ya rufe ido ya yi shiru. Ni kuma ina waje ina kallon layuka suna hawa da sauka a allo. Wasu in sun fito har godiya suke yi, wata mata ma rungume ni ta yi.

Ga abin da muke gani. Za a kawo mutum biyu, ƙarar da suke ji iri ɗaya, ƙarfinta ɗaya. Akwai wani direba da ya ce mini shi sai an tambaye shi yake tuna yana da ita. Akwai wata malamar makaranta da tata ba ta fi tasa ba, amma ta rame, ta bar koyarwa. Bambancin ba a kunne yake ba. A wurin masu shan wuya irinta, sassan ƙwaƙwalwar da ke kula da faɗakarwa da fargaba ba sa zama, ko mutum yana zaune ido rufe. Kamar mai gadin da ya ji motsi a bayan gida ya ƙi komawa kan bencinsa. Na direban ya ji, ya ce ba ɓarawo ba ne, ya zauna. Shugabarmu kullum tana ja mana kunne cewa a taron mutane ake ganin wannan, ba a yanke hukunci da kan mutum ɗaya. Duk da haka da na karanta wasiƙarka sai da na ce, ai Kawu shekara talatin da ɗaya ya yi yana horar da nasa mai gadin kada ya kuskura ya ƙyale baƙuwar ƙara.

Saboda haka ba hauka ba ne, ba kuma ƙarya kake yi ba. Kunnen da inji ya gajiyar ya rage kai saƙo, ƙwaƙwalwa ta ƙara buɗe nata kunnen tana nema, har ta fara jin kanta. Ƙarar gaskiya ce, sai dai kai kaɗai aka yi wa ita.

Maganin da zai ɗauke ta gaba ɗaya ba mu da shi, ba zan ɓoye maka ba. Abin da zan ce yanzu, ka nisanci ƙarar inji, ka nemi hutu. Sauran zan tambayi shugabarmu in ta dawo daga tafiya, in rubuto maka dalla-dalla.

'Yarka,
Mai Hula.

14 ga Maris

Zuwa ga 'yata,

Innarki ce. Ki yi haƙuri da rubutun, ba irin na kawunki ba ne, ni layina hawa dutse yake yi. Ina gaishe ki da maigidanki. Kin ce jiki ba daɗi, to ki riƙa cin abinci, ku 'yan boko da shayi kuke wuni. Ƙafata da sauƙi.

Allah Ya yi miki albarka. Ranar da takardarki ta zo sau uku aka karanta ta a tsakar gida. Da aka zo wurin da kika ce ba hauka ba ne, na shiga ɗaki na yi kukana na fito. A karatu na uku Kafinta ya zaro fensir daga bayan kunne ya fara rubuta abin da kika lissafa: soso, ƙofa biyu, ba taga, ba fanka, ba agogo. Ya ce, "Inna, in dai wannan ne maganin, ai ba sai an kai Baba ko'ina ba. Kwana bakwai ya ishe ni."

Kwana tara ya yi, ya rufe shagonsa. Ɗakin baya da muke ajiye tarkace shi ya gyara. Soso bai ishe mu ba, sai abokan aikin kawunki suka ji labari. Ranar Asabar sai ga motar maɗaba'a cike da kwalaye da rarar takardun da ake yankewa. Mai yankan takarda da kansa ya tuɓe riga yana miƙa wa Kafinta. Hawa uku aka yi wa bangon, har sama. An toshe taga, an buga tsohuwar katifa a ƙofa, an ƙara wata ƙofar. Mai maɗaba'a ya ba shi hutu sai ya warke.

Ni ma na yi nawa. Zakaran gidan na bayar. Jikoki na ce su riƙa wuni gidan kakarsu ta wajen uwa. Rediyo na cikin akwati. Ba mai sa takalmi a tsakar gida, magana kuma sai raɗa, har maƙwabta sun koya. In zai fita masallaci ina cusa masa auduga, in ja masa hula ta rufe kunnen. Hula mai waya ce kawai ba mu da ita, in ana sayarwa ki faɗa mana.

Yau kwanansa huɗu a ciki. Da alama ana samun sauƙi, don ya daina ƙorafi kwata-kwata. Jiya da hantsi ya fito wai zai sha iska, na ɗauko takardarki na nuna masa. Kin san shi da abin da aka rubuta. Ya duba, ya ce, "Haka ta ce," ya koma.

Ba ma son mu dame ki da yawan tambaya, mun san aiki ya yi miki yawa. Godiya ce kawai.

Innarki.

2 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Mai Hula,

Assalamu alaikum. Ina fata jikinki ya yi sauƙi. Innarki lafiya, Kafinta da iyalinsa lafiya. Ni ma kowa ya ce na ji sauƙi.

Kin ji labarin ɗakin. Aiki ya yi kyau, ba zan kushe ba. Na bi kusurwa-kusurwa da hannu ban samu inda iska ke shiga ba. Bangon kuwa duk aikina ne. Ga bangon littafin lissafi da muka buga bara, ga rasit na wani kantin magani, ga katin wani aure da na ji ma ya mutu. Ina zaune ina karanta su, na haddace har lambobin waya.

Yau kwana ashirin da uku. Zan faɗa miki yadda abin yake, ki auna da abin da kike gani a allonki. A da in fanka na juyawa, ko yara na guje-guje, butar tana can wani ɗaki. Yanzu an kawo ta an ajiye a tsakiyar kaina. Kuma ta samu abokiya, wata mai kauri a ƙasa-ƙasa, kamar moto yana jan kaya. In na haɗiye yawu su canja, in na juya wuya su canja, ni kuma duk canjin sai na bi shi, kamar yadda aka koya mini. Wuni nake yi ina neman laifin inji, ba injin.

Za ki ce me ya hana ni faɗa musu. Ni da Kafinta ba mu taɓa shiri sosai ba. Na so ya gaje ni a maɗaba'a, ya zaɓi katako, na yi shekara ina amsa gaisuwarsa da ka. Wannan ɗaki shi ne abu na farko da ya yi mini da hannunsa. Kullum da safe kafin ya wuce shago sai ya leƙo, ya shafa bango, ya ce a hankali, "Baba, ba abin da ke shigowa ko?" In ce babu. Sai ya yi murmushi. Innarki kuwa mace ce mai magana kamar rediyo, yau mako uku tana raɗa saboda ni. Da wane baki zan ce musu sun yi mini kabari?

Kuma wataƙila haka maganin yake, sai ya yi tsanani kafin ya sake. Shi ya sa na ɗauko wasiƙarki na bi ta layi-layi da rula, kamar yadda nake duba aiki kafin a hau inji. Kin faɗi bango, kin faɗi ƙofa, kin faɗi masu fitowa suna godiya. Abu ɗaya ban gani ba. Kwana nawa mutanenki ke yi a ciki kafin su fito? In wata biyu ne ki ce wata biyu, zan ƙirga. Rashin sanin ranar ne ke karya ni.

Shekaranjiya bayan azahar na tsinci kaina ina dukan gefen kaina da tafin hannu, ina hawaye, ni da furfurata. Wasu tunane-tunanen da ke zuwar mini ba zan sa su a takarda ba, ina neman tsari daga gare su. Ki amsa da wuri. Da hannuna zan kai wannan gidan waya, ba wanda ya san na rubuta.

Kawunki.

11 ga Mayu

Zuwa ga Mai Hula,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Mako biyar da 'yan kwanaki ban ga amsa ba. Sau shida ina leƙa akwatinmu a gidan waya. Na zauna na yi wa kaina faɗa: tsoho, yarinyar nan sau nawa ta gan ka a duniya? Ka faɗo mata daga sama da kukan kunne, ta yi maka kara ta amsa sau ɗaya, kai kuma ka mai da ita likitarka. Ban riƙe ki ba. Na dai ji ciwo, gara in faɗa.

Na rubuto ne don ki daina jin nauyi, domin na samo wa kaina magani. Wata rana na fita azahar, ƙafata ta ƙi komawa gida, sai ga ni a ƙofar maɗaba'a. Inji na aiki. Na zare audugar. 'Yata, ban san yadda zan gaya miki ba. Ɗif, butar ta ɓace, moton ya ɓace. Karo na farko cikin wata goma na ji kaina ba kowa. Na zauna a kan ƙunshin takarda na yi barci a zaune, inji na ruri a gefena.

Yanzu kullum nan nake daga azahar zuwa la'asar, wani lokaci har kusan magariba. Innarki ta ɗauka na zama mutumin masallaci, har tana yabona wurin maƙwabta. Abokan aikina na roƙe su sun rufa mini asiri. Da farko zama kusa ya ishe ni. Daga baya butar ta fara leƙowa ta cikin rurin, sai na ɗauko tsohuwar sukudirebata na kafa a jikin ƙarfe, ƙota a kunne, hagu in ya gaji in koma dama. Wanda ke riƙe da injin yanzu ya ce, "Kunne, wannan ba zai yi maka illa ba?" Na ce masa ina wannan tun yana rarrafe.

Laifin maganin ɗaya, in an kashe inji ƙarar takan dawo da fushi, ta fi da. Sai washegari in ƙara lokaci. Na san kin ce in nisanci ƙarar inji. Na bi takardarki wata guda cur, kin ga ba a ce ban gwada ba.

A gida komai na nan yadda yake. Sai dai Innarki ta ƙara rage murya, yanzu raɗarta ko rabi ba na kamawa. Na ce ta ɗan ɗaga, ta ce ita ba ta canja ba.

Ba sai kin amsa ba.

Kawunki.

9 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, amma ka yafe mini gajeriyar gaisuwa. 

Minti biyar ne, Kawu. Minti biyar muke zaunar da mutum a ɗakin nan, in ya yi yawa goma. Ba magani ba ne, wurin awo ne. Muna toshe shi don kada ƙarar waje ta ɓata mana layuka. Shiru shi ne abin da ya fi tayar da kukan kunne, mun san haka, shi ya sa muke gaggawar buɗe ƙofa. Malamar da na ba ka labari ko minti uku ba ta iya yi. Godiyar da suke yi, don sun ga shaida a allo ne cewa ba ƙarya suke ba. Na karanta kwafin wasiƙata, na ga duk wannan ban rubuta shi ba. Abin da nake yi sau takwas a rana ne, ban zaci sai na faɗa ba. Laifina ne, ba na Inna ba, ba na Yaya Kafinta ba.

Ban yi banza da kai ba. Rashin daɗin jikin da na ambata, kunya ce ta hana ni yi maka bayani. A farkon Maris aka kwantar da ni. An samu ƙaruwa, mace, amma ta zo kafin lokacinta, mun yi wata biyu da rabi a asibiti ana riƙe da ita a kwalba. Tana nan da rai, alhamdu lillahi. Wasiƙunku uku suna aljihun teburina a wurin aiki, wata abokiyar aikina ta adana mini su da kyakkyawar niyya. Jiya na leƙa ofis na karanta su a tsaye, ɗaya bayan ɗaya.

Na nemi lambar Yaya Kafinta wurin yayata, na kira shi a take. Na ce ya buɗe ɗakin a ranar. Na gaya masa maganar maɗaba'a ma. Na san ka so a rufe, ka yi fushi da ni in ka ga dama. 

Ga shi a rubuce, tunda takarda kake yarda da ita. Kada ka sake zama a ɗakin nan. Kada ka sake kusantar inji, sukudirebar nan kuwa ka ba wani ya ɓoye. Ƙarar da ke rufe maka kukan ita ce take cinye sauran jinka, kuma duk abin da ji ya ragu, kukan ƙaruwa yake. Abin da ake so ƙara ce mai laushi wadda ba ta yankewa: fanka, rediyo ƙasa-ƙasa, hirar mutane, wasan yara. A cire audugar sai in za ka bi ta wurin hayaniya mai ƙarfi. Ka koma asibiti a auna jinka a makon nan, ka tambayi na'urar ƙara ji, ka kuma faɗa wa likita tunanin da ka ce ba za ka rubuta ba. Akwai masu koya wa mutum yadda zai rage bin ƙarar, shugabarmu ta ce yana taimakon mutane da yawa. Na sa sunan irin aikin a wata takarda daban, ka nuna musu.

Inna ba ta rage murya ba, Kawu. Wannan layin ne ya fi tsorata ni.

'Yarka.

20 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Mai Hula,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah Ya raya mana ita, Ya ƙara miki lafiya. Innarki ta ɗinka mata 'yan riguna, suna tafe a hannun yayarki. Na ji kunyar wasiƙata ta baya. Kina can tsakanin rai da mutuwa, ni ina ƙirga zuwana gidan waya. Ki yafe wa tsoho.

Ban yi fushi ba. Ki daina cewa laifinki ne. Ni mai duba aiki ne, na ga layi ya ɓace tun Afrilu, da na tsayar da inji a lokacin kamar yadda aka koya mini, na buɗe baki na yi magana a gidana, da ba a kai nan ba.

Ranar da kika kira, Kafinta bai jira guduma ba. Da hannu ya riƙa yage kwalayen, har farcensa ya fita.  Da ya gama ya tsuguna a gabana, na ga bakinsa na motsi. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na dafa kansa na ce na yafe, ina fata abin da ya roƙa ke nan.

An auna. Likita ya ɗauko takardar awon bara ya ajiye kusa da ta bana, ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta mini tambaya a takarda: me ka yi wa kunnenka? Na hagu ya tafi, ya ce kada in sa rai. Na dama saura kaɗan. An sa mini na'urar a daman. In mutum ya tsaya a gabana ya ɗaga murya ina tsintar kalma ɗaya cikin uku, kamar daga cikin gwangwani. Sun ce a ba ta lokaci, kuma an rubuta ni wurin masu koyarwar da kika ce, sai wata mai zuwa. Zan je. Na faɗa wa likita tunanin nan, ya ba ni rana in dawo. Butar da moton kuwa suna nan lafiya, su kam ba su ragu da komai ba. Yanzu ba su da abokin gasa.

Maɗaba'a na je sau ɗaya na kwashe kayana. Mai yankan takarda ya ƙi haɗa ido da ni.

Sauran labarin na Innarki ne. Ta sa an karanta mata takardarki sau uku, kamar waccan, ta kuma kama ta da hannu biyu. Fanka biyu ta kafa mini. Rediyo ya fito daga akwati, tun safe yake aiki. Jikoki an dawo da su har da 'ya'yan maƙwabta, tana ba su murafen tukwane su buga. Ita kanta tana aiki tana waƙa, abin da rabonta da shi tun muna da ƙuruciya. Mutumin da ke bayanmu ya aiko a rage, ta ce a gaya masa magani ake yi. An ce duk layin nan ba gidan da ya kai namu hayaniya.

Ni kuma tana shimfiɗa mini tabarma a tsakiyarsu. Ina ganin fanka na juyawa, ina ganin yara na buɗe baki, ina ganin murafe na haɗuwa. Jefi-jefi ta juyo ta nuna kunnenta, ta ɗaga mini gira. Sai in gyaɗa kai, in ɗan kaɗa ƙafa kamar mai bin waƙar, ita kuma ta ƙara ƙarfi.

Ba abin da ke isowa, 'yata. In za ki amsa, ki rubuta wa Innarki tata daban, ki ce aikinta na kyau. Wannan kuma ta tsaya tsakanina da ke.

Kawunki.